Yadda Muka Saƙa Wa Keken Lantarki Sabon Wili A Kwatano

 Wata ranar Talata cikin damina, bayan la'asar, ina zaune a shagona a Dantokpa sai kira ya shigo wayata. Wani ɗan zem ne, wato ɗan acaɓan nan Kwatano, yana haɗa Faransanci da 'yar Hausar da ya tsinta a Zongo: wai yarona ya faɗi da keke, in zo maza. Na bar wa maƙwabci shago, ko takalmi ban sa daidai ba. Da na isa na tarar da babban ɗana zaune a bakin titi, ya riƙe hannunsa na dama, gwiwar wando ta yage, atamfofin mutane sun watse cikin taɓo. Keken yana kwance gefe, wilin baya ya lanƙwashe kamar faifan da ya kwana a ruwa. Allah ya taƙaita abin, targaɗe ne kawai, kuma mai motar da ke biye da shi ya taka birki a kan lokaci.

Da daddare, bayan an ɗaure masa hannu ya yi barci, uwargida ta kawo mini tuwo ta zauna. Ta ce, "Alhaji, sau nawa yaron nan ya gaya maka ƙafar keken nan tana ƙara?" Ban ce komai ba, don sau uku ya faɗa, sau uku kuma ina ba shi 'yan canji in ce ya kai a sa masa tsinke. Abin da na koya bayan wannan dare shi nake so in ba ku, musamman waɗanda yaransu ke kai kaya da irin wannan keke.

Yadda keken ya shigo gidana

Duk wanda ke kasuwa a Kwatano ya tuna abin da ya faru bayan ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai a Najeriya. Cikin 'yan kwanaki man kwalba da ake sayarwa a bakin titi, wanda mutanen nan ke kira kpayo, ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin zem ya bi shi. Ni kuwa sana'ata ta atamfa da shadda ta dogara ne da kai wa mata kaya har gida da kuma teloli, turmi biyar nan, goma can. Na zauna na yi lissafi, na ga ribar tana tafiya ne a aljihun masu babur.

Sai na sayi keke na hannu mai taya inci 26, wani ɗan uwa da ke zuwa Sin ya taho mini da batir da wilin baya mai inji a tsakiyarsa. Injin faffaɗa ne kamar murfin tukunya, nauyinsa ya kai kilo shida. An kawo shi a saƙe cikin rim ɗinsa, da tsinkaye masu kauri, waɗanda masu gyara ke ce wa sifok. Da na ga kaurinsu na ce wa yaro wannan sai dai jikoki su gada. Wata biyu bai cika ba tsinke na farko ya ce ƙas.

Mai gyara na bakin hanya ba shi da irin tsawon, sai ya ɗauki na keke gama-gari ya yanke, ya lanƙwasa bakinsa da filaya ya maƙala. Haka aka yi na biyu da na uku. A ranar da abin ya faru yaro ya faɗa rami a kan titin nan na daɓen siminti, da kaya maƙil a kariya, wilin ya ce ba da shi ba.

Abin da dattijo ya gani

Akwai wani dattijo a Zongo da ke gyaran keke a ƙarƙashin rumfar kwano, mutumin ƙasar Sakkwato. Tun kafin in yi aure yake ɗaure wilin Raleigh, wanda muke cewa Rali, da Phoenix na masu tallar burodi. Na kai masa wilin a kai kamar mai tallar faifai. Bai ce mini uffan ba sai da ya bi tsinkayen ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da farce kamar mai gwada tsarkiyar gurmi. Wani ya yi zaƙi, wani ya ce fuf kamar igiyar shanya.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba faci yake so ba. Tsinke ɗaya ya karye, ka ce ƙaddara. In uku suka karye, to sauran talatin da ukun su ma sun gaji, ranarsu suke jira."

Na ce, "Baba, to da wannan kaurin nasu?"

Ya yi dariya ya ce, "Kaurin ne ya cuce ka."

Ga bayanin, yadda na fahimce shi daga bakinsa da kuma abin da na karanta daga baya. Wilin keke yana tsayawa ne saboda kowane tsinke a ɗame yake, yana jan rim zuwa tsakiya, kamar yadda igiyoyi ke riƙe fatar ganga. Idan aka ɗora nauyi, rim yana ɗan lotsawa a inda taya ta taɓa ƙasa, sai tsinkayen wurin su ɗan saki, da wili ya juya kuma su sake ɗamewa. Taya inci 26 tana juyawa kusan sau 500 a kilomita ɗaya. Yaron da ya yi kilomita 20 a wuni, kowane tsinkensa ya saki ya ɗame kusan sau dubu goma. Idan tun farko an ja tsinken sosai, sakin ba ya kaiwa ga ya yi lakwas. Idan kuwa ba a ja shi ba, kowane juyi sai ya motsa a wuyansa, inda ya lanƙwasa ya shiga ramin inji, har ya karye a nan, kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya ta tsinke a hannunka. Na duba waɗanda suka karye mana, duk a wuya ne.

Maganar kauri kuwa, tsinke siriri yana miƙewa idan an ja shi, kamar roba mai tauri, don haka ko rim ya lotsa yana nan a ɗame. Mai kauri ba ya miƙewa sosai, lotsawa kaɗan ta ishe shi ya saki gaba ɗaya, notinsa ya fara warwarewa da kansa. Ana gane kauri da lamba: mai lamba 14 milimita 2 ne, shi ne na keke gama-gari, mai 13 milimita 2.3, mai 12 milimita 2.6. Namu 12 ne, an sa shi a rim mai bango ɗaya wanda ba zai jure jan da irinsa yake bukata ba. Ga kuma iskar teku ta Kwatano da ta fara cin su da tsatsa. 'Yan uwa na Lome da Ankara da Duwala sun san wannan ciwo.

Awo kafin saye

Dattijo ya shiga ciki ya fito da wani tsohon rim na Rali mai nauyi, ya ce wannan ya fi ƙarfin buhun siminti. Yarona, da hannu a ɗaure, ya ƙirga ramukansa ya ce, "Baba, arba'in ne, injin kuma talatin da shida." Haka ne kuwa: tsofaffin kekunan Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya, yawancin injinan keken lantarki kuma 36 ne. Girman ma ba ɗaya ba ne. A jikin kowace taya akwai lambar da ba ta ƙarya: inci 26 na keken dutse an rubuta masa 559, na Rali 635, inci 20 kuma 406. Ka duba lambar kafin ka ba da kuɗinka. Mun nemi rim na alminiyam mai bango biyu, ramuka 36, lamba 559, mai gefe shafaffe saboda birkin keken namu rim yake kamawa.

Sai maganar salon saƙa. Keke gama-gari kowane tsinke yana gitta uku kafin ya isa rim, kuma haka dattijo ya saba shekara da shekaru. Ya ɗauki dogon tsinke ya gwada a jikin injin, ya tsaya yana kallo, ya ce a'a. Saboda faɗin injin, tsinken yana isa rim a kwance ƙwarai, noti ba zai iya bin wannan karkata ba, dole tsinken ya lanƙwashe a bakin noti, nan ma wurin karyewa ne. Yaro ya ce to a miƙe su sak ba gittawa mana. Dattijo ya ce shi ma ba zai yiwu ba, domin inji murɗa wili yake yi daga tsakiya, kuma tsinken da ya ɗan kwanta shi ke iya kai wannan murɗa ga rim. Wannan dabara ta kwantar da tsinke tsohuwa ce, wani Bature James Starley ya fito da ita a Ingila a 1874, har yau kuma ita ake bi. Muka tsaya a gitta ɗaya, wanda shi ya dace da babban inji a rim inci 26. Ƙananan injina masu giya a ciki suna ɗaukar gitta biyu.

Tsawon tsinke shi ne inda ba a yin kintace. In ya yi gajere da milimita uku, zare kaɗan noti zai kama. In ya yi tsawo, zaren zai ƙare kafin a ɗame shi, ko bakinsa ya leƙo ya huda robar iska. Dattijo ya yanke kan tsofaffin tsinkaye biyu, kowanne ya zama milimita 200 cif, ya sa musu noti, ya zura su a ramuka biyu masu kallon juna, muka ja su muka auna tazarar da ta rage tsakaninsu, muka ƙara 400. Mun yi haka a wurare uku don rim ba ya rasa 'yar karkata, muka samu 540. Muka auna faɗin da'irar ramukan inji, 232, da nisan kowane leɓen inji daga tsakiyar sandarsa. A nan wayar yaro ta yi rana: akwai shafuka a intanet da ke lissafa tsawon tsinke kyauta, ka zuba musu waɗannan lambobi da yawan ramuka da yawan gitta. Ya ba mu 166. Na keke gama-gari mai inci 26 yana kai wa 260, shi ya sa ba a samun namu a kasuwa.

Kada wani ya ce zai yanke dogo ya yi maka zare da abin yanka zaren noti. Zaren tsinke matsa shi ake yi da na'ura, ba a sassaƙa shi. Na ba da saƙo aka kawo mini guda 40 masu lamba 13, na ƙarfen da ba ya tsatsa, da notocin tagulla, da 'yan ƙananan wasa na tagulla da ake sa wa a ƙarƙashin kan tsinke, saboda ramukan injin an huda su ne don mai kauri. Sati uku muna jira, ina biyan zem ina cizon yatsa.

Ranar saƙa

Ranar Lahadi muka zauna tun hantsi. Na aro tsohon turmin uwargida muka ɗora injin a bakinsa, sanda ɗaya ta shige ciki, ɓangaren da wayar wuta ke fitowa yana sama. Wannan waya in ta murje a bakin sanda, gyaranta ya fi na wili tsada, don haka ba a kwantar da inji a kanta. Dattijo ya jera tsinkaye ya tsoma bakin zarensu a ɗan mai, ya ɗiga kaɗan a kowane ramin rim.

Tsinke 36 kashi huɗu ne, tara tara. Tara na farko suka shiga leɓen inji na sama, rami ɗaya a sa, ɗaya a tsallake. A rim kuma na farko ya zauna kusa da ramin bawul, sannan a tsallake uku a sa a na huɗu, har a zagayo. Ku lura, ramukan rim da yawa ba a layi ɗaya suke ba, wani ya ɗan karkata dama, wani hagu, kowanne kuma na leɓen da ke gefensa ne. Aka juya wili, tara na biyu suka shiga ɗaya leɓen, kowanne ya zauna a ramin da ke bin na ɗan uwansa. Daga nan dattijo ya riƙe rim ya murɗa inji har tsinkayen duka suka kwanta gefe guda. Sauran goma sha takwas suka bi ta ɗaya gefen, kowanne ya gitta ɗaya daga cikin na leɓensa. Kowane noti juyi uku kawai aka yi masa a wannan mataki.

Mun yi kuskure ɗaya. Da muka gama sai ga tsinkaye biyu sun gitta daidai saman ramin bawul, babu inda kan famfo zai shiga, ga inji ya cinye fili. Na ce a bar shi haka. Dattijo ya dube ni ya ce, "Alhaji, irin wannan 'a bar shi haka' ce ta kawo ka nan." Muka kwance muka matsa da rami ɗaya.

Ɗamewa da miƙarwa

Wannan shi ne aikin, saƙa wasan yara ce a kansa. Muka cire batir, muka kifa keken, muka sa wilin a mazauninsa ba taya. Dattijo ya ɗaure guntun alli a jikin ƙarfen keke da roba, bakinsa dab da rim. Da farko aka juya kowane noti har zare ya ɓuya, don duka su tashi daga wuri ɗaya. Sannan, daga ramin bawul, kowanne juyi ɗaya, a zagayo. Sai rabin juyi, a zagayo. Da suka fara tauri sai kwata kwata.

Idan aka juya wili alli ya taɓa wani wuri, rim ya karkata zuwa nan ke nan: a ɗan ɗame tsinken ɗaya gefen, a ɗan sassauta na gefen allin. Idan rim yana tsalle sama, a ɗame na gefe biyu a wurin tare. Mai kallon noti ta wajen taya, dama ake juyawa a ɗame. Mai riƙe da 'yar sifana ta ciki sai ya ga kamar hagu yake yi, a nan sababbin hannu ke rikicewa. Tsinke kuma yakan murɗe tare da noti, don haka dattijo yakan ɗan zarce sannan ya dawo baya kaɗan. Don a tabbatar rim yana tsakiyar keke, muka cire wilin muka juya shi dama ta koma hagu, muka ga tazarar ba ta canza ba.

Masu shagunan Turai suna da ma'auni, kuma jan da ake nema ya kai kilo 100 ko ɗan fiye a kowane tsinke. Mu kunne muka sa. Tsinkayen gefe ɗaya su yi murya ɗaya in an kaɗa su. Na dama da na hagu suna iya bambanta, ba laifi. Sau huɗu dattijo yana naɗe hannu da tsumma ya kama tsinkaye bibbiyu ya matse su da dukkan ƙarfinsa, don wuyansu ya zauna a rami tun yanzu, kada sai an hau hanya su saki. Bayan kowace matsa sai a sake duba alli. Muka tashi sallar azahar, muka dawo, muka tashi la'asar. Kafin magariba wili yana juyawa, alli bai taɓa ko'ina ba.

Aka shafa yatsa a cikin rim ba tsinken da ya leƙo, aka shimfiɗa robar da ke rufe kan notoci, aka sa taya. Wurin ɗaurawa mun ƙara ɗan ƙarfen da ke riƙe sandar inji da jikin keke, don sandar tana ƙoƙarin juyawa baya duk lokacin da inji ya ja, tana iya buɗe mazauninta. Wayar wuta kuma aka sa ta fara yin ƙasa kafin ta hau, don ruwan sama ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga inji.

Dokar da na kafa

Da na zo biya, dattijo ya juya kariyar keken ya nuna mini rubutun da aka buga a jikinta: kilo 25. Rabin buhun shinkafa ke nan. Ni kuwa Allah ya sani na sha ɗora wa yaron nan ninkinsa, don kada a yi sawu biyu. Ya ce, "Na ɗaure maka wili, amma ban ɗaure maka son riba ba. Wannan kai za ka ɗaure."

Yanzu akwai sikeli a ƙofar shago, abin da ya haura 25 sawu biyu ne. Kowace Juma'a da safe yaro yana bin tsinkayen da farce yana saurare, ya duba iskar taya, don taya mai ƙarancin iska ita ke barin rami ya daki rim. Bayan sati ɗaya da hawa mun mayar wa dattijo ya ƙara kwata a wurare biyu, tun daga nan ba a sake taɓa shi ba, damina ta wuce, rani ya wuce. Tsinkaye huɗu da suka rage suna cikin aljihun teburina. Kuma na gaya wa yaro a gaban mahaifiyarsa: ranar da ya ji wili ya yi ƙara ko ya ga yana rawa, ya sauka ya tura keken zuwa gida, ko kayan wa ya ɗauko, ni zan ba mai kaya haƙuri.

Kuɗin rim da tsinkaye da ladan dattijo duka ba su kai kuɗin atamfofin da na biya ranar faɗuwa ba, balle a yi maganar hannun yaro. Ɗan uwa, in keken ɗanka ya karya tsinke na biyu, kada ka jira na uku kamar yadda na yi. Nemi tsohon mai ɗaure wili a zangonku, da wuya a rasa ɗaya, ka haɗa shi da yaron da ya iya waya, ka zauna tare da su har a gama. Yarona yanzu yana zuwa rumfar dattijo duk Lahadi, kuma makon jiya ya saƙa wa wani mai sayar da turare wilinsa da hannunsa. Allah ya tsare mana yaranmu a hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.